FILIN MANOMA: Abin Da Ke Kashe Ƙarfin Tsohuwar Land Rover, Da Yadda A Ke Gyara Wutarta

Duk manomin da ke da tsohuwar Land Rover ya san aikin da ke jiranta in kaka ta yi. Ita za ta kwaso dammunan gero da buhunan wake daga gonakin wajen Mani da Mashi, ta ratsa rairayi da kwazazzabai inda ƙananan motoci ba su iya sa ƙafa, ta shigo da su birnin Katsina ta Ƙofar Durbi. To, a lokacin nan ne kanikawan da ke wajen ƙofar su kan yi ta jin kuka iri ɗaya daga bakin masu motoci. Wannan ya ce tasa ta ƙi tashi da safe sai da turi. Wancan ya ce tasa ba ta iya hawan tudu da kaya, ga zafi, ga shan mai kamar ana zuba ruwa a rairayi. Galibinsu kuwa kafireta su ke ɗora wa laifi. Sai a kwance ta, a wanke, a hura, a mayar, a biya kuɗi, mota kuwa tana nan yadda ta ke. Sau da yawa kafireta ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Cutar tana can cikin wata 'yar tukunya da ke gefen inji, wadda wayoyi biyar su ka fito daga kanta, watau distiributa, mai rarraba wuta.

Ba abin mamaki ba ne kayan cikinta su gaji, gama motocin nan sun kwana biyu. A shekarar 1948 aka fara nuna Land Rover ga jama'a a birnin Amsatadam, a garin Solihul na ƙasar Ingila kuwa a ke ƙera ta. Injin fetur mai silinda huɗu, mai lita biyu da kwata, wanda shi ya fi yawa a ƙasar nan, a 1958 ya fito, aka yi ta amfani da shi har ƙarshen samfuri na uku a 1985. An kuma harhaɗa waɗansu a ma'aikatar Leyland ta Ibadan. Ke nan ƙaramar cikinsu ma ta ba shekara arba'in baya ko ta yi kusa. Wanda tasa mai shan gas ce, wannan darasi bai shafe shi ba, don injin gas ba shi da fulogi, ba shi da kontak.

YADDA WUTAR KE TAFIYA

Kafin mutum ya sa sufana, ya kamata ya san abin da ya ke gyarawa. Batir wuta ce mai rauni gare shi, bolt 12 kacal, ba ta iya tsallaka bakin fulogi. Kwayil shi ke ninka ta har ta kai dubbai, amma ba ya yin haka sai a daidai lokacin da aka katse wutar da ke ratsa shi. Mai katsewar shi ne kontak, waɗansu 'yan ƙarafa biyu masu haɗa baki su rabu. A tsakiyar distiributa akwai sanda mai juyawa, kanta yana da gwiwa huɗu. Duk sa'ad da gwiwa ta tura dunduniyar kontak, sai bakinsa ya buɗe, kwayil ya harba wuta, rota ta karɓa ta miƙa wa fulogin da layi ya zo kansa: na ɗaya, na uku, na huɗu, sa'an nan na biyu. Kwandansa kuma, 'yar gwangwanin nan da ke gefe, aikinta ta shanye tartsatsin da zai tashi a bakin kontak don kada ya ƙone. Wani Ba'amurke mai suna Charles Kettering ne ya tsara dabarar nan, aka fara sa ta a motar Cadillac a 1910, duniya ta yi shekara sittin da wani abu tana tafiya a kanta.

Sandar distiributa rabin gudun inji ta ke yi. In inji yana juyi 2,000 a minti guda, ita tana yin 1,000, kontak kuwa ya buɗe ya rufe sau 4,000 a cikin mintin nan. A lissafa tafiyar awa guda a ga abin da dunduniyar nan ke sha.

Saura maganar lokaci, abin da kanikawa ke kira taimin. Fetur ba ya ƙonewa farat ɗaya, ya kan ɗauki ɗan lokaci kamar yadda karan dawa ke kamawa. Saboda haka dole wuta ta tashi ana sauran ƙiris fistan ya kai ƙololuwa, domin ƙarfin ƙunar ya same shi daidai ya juyo ƙasa. In ta makara, fistan ya riga ya gudu, ƙarfin ya bi salansa, inji ya yi zafi, bawul ya soye. In ta yi gaggawa, sai ta tari fistan yana hawowa, su yi karo, a ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwani. Wannan ƙara in ta daɗe, ta kan huda kan fistan, daga nan kuwa sai sauke inji.

KONTAK TUKUNA

Ga abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: taimin ya kan gusa da kansa ko ba wanda ya taɓa distiributa. Dalili kuwa, dunduniyar kontak tana cinyewa a hankali, musamman da hunturu, lokacin da ƙura ke shiga ta gauraya da giris ta zama kamar dutsen wasa wuƙa. Gwargwadon cinyewarta, gwargwadon yadda bakin kontak ke tsukewa, gwiwa ba ta buɗe shi sai ta ƙara matsawa gaba, wuta ta makara. Mota ta fara nauyi, direba ya ƙara taka totur, mai ya ƙara tafiya. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, wannan hasara ba ƙarama ba ce ga mai jigilar amfanin gona. Wanda ya juya distiributa bai gyara bakin kontak ba, aikin banza ya yi, don ranar da aka sa sabon kontak lissafinsa duk ya rushe.

Sai a tsai da mota a inuwa, a fitar da giya, a ja birkin hannu, a sa dutse a taya. A ɓalle maƙalai biyu, a ɗaga hular distiributa, a zare rota. A sa handil a juya inji sannu-sannu har dunduniya ta hau kan tsinin gwiwa, inda baki ya fi buɗewa. Tsakanin da masu ƙera motar su ka ajiye shi ne kashi 14 zuwa 16 cikin dubu na inci, watau milimita 0.35 zuwa 0.40. Da siririn ma'aunin nan na kanikawa mai ganye-ganye a ke aunawa, ya shiga da ɗan tauri kaɗan, ba ya lilo, ba ya kuma tura kontak. In abin ya faru a daji ba ma'auni, reza huɗu irin mai baki biyu in aka haɗa su kaurinsu ya yi kusa da haka, su kan fid da mutum zuwa gari, amma a yi hattara da yatsa. A sassauta sukurun da ya riƙe kontak, a matsa shi har ya daidaita, a ɗaure, a sake aunawa, gama ɗauri ya kan gusar da shi.

A dubi fuskar bakin da kyau. In ta yi toka-toka sumul, lafiya lau. In gefe guda ya yi tudu, ɗayan ya yi rami, ma'auni ƙarya zai faɗa, don a kan tudun zai zauna. Ana iya goge tudun da ƙaramar magagari a samu a kai gida, amma sabo shi ne magani. In kuwa baki ya yi baƙi ya ƙone, ba a daɗe da sa shi ba, akwai mai ƙona shi. Ko dai kwandansa ta mutu, ko mai ya taɓa bakin, ko an bar makulli a kunne inji ba ya aiki, abin da yaran mota su ka saba yi don sauraron rediyo. Akwai kuma dalili na huɗu wanda ya yi yawa yanzu, watau sa wa mota kwayil wanda ba nata ba. Kwayil iri biyu ne a kasuwa, kamarsu ɗaya a ido. Akwai mai ɗaukar bolt 12 kai tsaye, akwai wanda aka yi don motar da ke da abin rage wuta a gabansa. In aka sa na biyun a motar da ba ta da abin ragewar, wuta ta yi wa kontak yawa, mako kaɗan ya ƙone, kwayil kansa ya yi zafin da ba a iya taɓa shi.

Kwandansa ba ta nuna ciwonta a ido. Alamarta ita ce mota ta tashi lafiya da sanyi, in ta yi zafi ta fara tari da harbi, ta mutu, a jira ta huce ta sake tashi. Wanda ya ke so ya tabbatar, sai ya bar hula a buɗe, wani ya murza makulli, shi kuwa ya zuba wa bakin kontak ido. Ɗan ƙyalli kaɗan ba kome. Babban tartsatsi mai walƙiya a kowane buɗi, wannan kwandansa ce. Abin takaici, sababbin da a ke sayarwa yanzu da yawansu ba su kai tsofaffin ƙarko ba, saboda haka tsohuwar da ke aiki kada a yar da ita don kawai an sayi sabon kontak. A ajiye ta cikin akwatin sufana.

CIKIN TUKUNYAR

In kontak ya daidaita, sai a gangara ƙasa. A kama kan sandar da yatsa biyu a girgiza ta hagu da dama. In ta yi lilo har ana ganin bakin kontak yana motsi, bushin da ta ke juyawa a ciki ya cinye. Wata hanyar ganewa ita ce a auna tsakani a kan gwiwa huɗun ɗaya bayan ɗaya. In wannan ta ba da 12, waccan ta ba da 18, kowace silinda da nata taimin ke nan, ba kuwa gwanin da zai iya daidaita irin wannan inji. Sai a kai wa mai injin sassaƙa ƙarfe ya sa sabon bushi, ko a nemi wata distiributa.

A ƙarƙashin farantin da kontak ke zaune akwai waɗansu ƙarafa biyu masu nauyi, kowane da ɗan sifirin. Amfaninsu babba ne. Inji in yana sulo a juyi 600, juyi guda kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ya ke ɗauka. In ya kai juyi 3,000, lokacin ya ragu sau biyar, alhali fetur bai ƙara saurin ƙonewa haka ba. Dole ke nan wuta ta riƙa tashi da wuri gwargwadon gudun inji. Ƙarafan nan su ke yin wannan aiki: gudu ya watsa su waje, su murɗa gwiwa gaba, gudu ya ragu sifirin ya komo da su. Gwajinsu ba wuya. A mayar da rota, a murɗa ta da hannu wajen da ta ke juyawa, watau saɓanin hannun agogo, a saki. Ya kamata ta ɗan tafi da tauri ta dawo da kanta tsaf. In ta ƙi motsi, tsatsa ta kama su, abin da ke samun motar da ta sha ratsa rafi da damina, sa'an nan aka jingine ta. Irin wannan mota ta kan yi sulo mai daɗi, amma a hanya sai ka ce jaki ya gaji. In kuwa rota ta tafi sako-sako ta ƙi dawowa, sifirin ya miƙe ko ya tsinke, wuta ta riƙa yin gaggawa tun inji bai yi gudu ba. Sai a cire faranti, a wanke da kananzir, a ɗiga baƙin mai. Sifirin ɗin biyu sau da yawa ba kaurinsu ɗaya ba, haka aka yi su, kada wani ya ce zai gyara kuskuren Bature.

A gefen distiributa kuma akwai wani abu kamar ɗan faifai mai ƙulli, da siririn bututu zuwa kafireta. A cikinsa akwai fata, iskar da inji ke zuƙa ita ke jan ta, ta ja farantin kontak, wuta ta ƙara sammako sa'ad da mota ke tafiya ba nauyi. Nan ne a ke samun sauƙin mai. A zare bututun daga wajen kafireta, a tsotsa da baki, a toshe da harshe. Faranti ya kamata ya motsa ya tsaya har a saki. In iska tana ta zuwa kamar ana shan ruwa da kara, fata ta yage, sai sabuwa. Kafin a samu, gara a toshe bututun, don ta nan iska ke satar hanya ta ɓata haɗin mai. Tun da farantin yana motsi kullum, 'yan wayoyi biyu masu laushi da ke cikin tukunyar su kan karye a cikin rigarsu, a waje kuwa sai a ga kamar lafiya. Motar da ke yanke wuta daidai lokacin da aka taɓa totur, a ja wayoyin nan a hankali a gani.

Hula da rota ba su da dogon bayani. A goge cikin hula, a duba ko akwai tsaga ko wani baƙin zane siriri kamar sawun tururuwa, a tabbata ɗan gawayin tsakiya yana nan yana lotsawa. Rota kuwa ta kan huje ta ciki wuta ta zurare cikin sanda. A zare babbar wayar tsakiya daga hula, a riƙe ta da busasshen itace kusa da tagullar rota, a murza makulli. In wuta ta yi tsalle ta kama, rota ta mutu. A yi wannan gwaji nesa da inda fetur ke ɗiga.

Akwai abu ɗaya da ba a cikin distiributa ya ke ba, amma ya kan ɓata aikinta, shi ne sarƙar da ke gaban inji. A kama fulin gaba a juya shi gaba, sa'an nan a komo da shi baya ana kallon rota. In fuli ya yi tafiya mai yawa kafin rota ta motsa, sarƙa ta miƙe ko abin da ke ɗame ta ya gaji. Wannan aikin gareji ne.

SA TAIMIN

Kayan aikin kwan fitila ne mai bolt 12 da waya biyu. Silinda ta ɗaya a Land Rover ita ce ta gaba, kusa da lagireto. Mai Peugeot 404 ko 504 ya kula, Faransawa daga baya su ke fara ƙirga tasu. Alamar taimin a tsofaffin injuna tana jikin babban faifan da ke bayan inji, ta wata 'yar taga a ke leƙa ta. A na baya-bayan nan kuwa tana kan fulin gaba, da ɗan ƙarfe mai tsini yana nuna ta. Haruffan TDC su ne ƙololuwar fistan. A kankare datti, a shafa alli don a gani sosai.

Inda za a tsai da alamar ya danganta ga injin da kuma man da a ke sha. Injin da matsinsa 7 ne, a kan ba shi digiri 6 kafin ƙololuwa in mai yana da kyau, digiri 3 in mai rauni ne. Wanda matsinsa 8 ne kuwa, littafin motar a kan ƙololuwar kanta ya ajiye shi. Mai sayen fetur a galan a bakin hanya, wanda bai san abin da aka gauraya a ciki ba, gara ya tsaya a ƙaramin lissafi.

A juya inji da handil wajen da ya saba juyawa, har alama ta zo daidai tsini, rota kuma tana kallon wayar fulogi na ɗaya. In tana kallon na huɗu, a ƙara juyi guda cikakke. In an zarce alama kada a komo da baya kaɗan a tsaya, sai a koma da nisa a sake tahowa, don sarƙa ta ɗame. A haɗa waya ɗaya ta kwan fitila a kan ƙaramar wayar da ta taho daga kwayil zuwa distiributa, ɗayar a jikin inji. A kunna makulli. A sassauta ƙullin da ya riƙe gindin distiributa, a juya jikinta saɓanin hannun agogo har fitila ta mutu, sa'an nan a komo da ita bin hannun agogo sannu a hankali kamar mai zare ƙaya. Inda fitila ta kama, nan kontak ya buɗe, nan za a tsaya a ɗaure. A yi hankali ƙwarai, gama digiri ɗaya a distiributa biyu ne a inji, kaurin ƙumba ya isa ya ɓata aiki. Kada kuma a ɗaure da ƙarfin tsiya, wuyan tukunyar ya kan tsage. Daga nan a juya inji sau biyu a duba ko fitila za ta kama daidai kan alama, a kashe makulli nan da nan.

Wanda ba shi da kwan fitila sai ya sa siririyar takarda a bakin kontak, makulli a kashe, yana ɗan jan ta yana juya distiributa. Inda ta suɓuce, nan ne.

Hanya ita ce alƙali. A bari inji ya yi zafi, a hau kwalta, a sa babbar giya, mota tana tafiyar kilomita 30 zuwa 40, a taka totur har ƙasa. In an ji 'yar ƙarar tsakuwa sau biyu ko uku ta ɓace, an dace. In ta ci gaba, a rage. Tsohuwar distiributa ta Lucas tana da wani ɗan goro mai kaushi a gefe, da haruffa A da R: wajen A wuta ta yi sammako, wajen R ta jinkirta. Da shi a ke ɗan gyare-gyaren nan ba sai an kwance gindi ba. Waɗansu kanikawa da kunne kaɗai su ke sa taimin, su juya har inda sulo ya fi ƙarfi su ɗaure. Kusan kullum wannan ya kan zarce, mai mota ya ji daɗi a cikin gari, ranar da aka yi mata lodi ta shiga rairayi sai ƙara ta tashi. Motar da taiminta ya zarce kuma ta kan yi harbi da handil, ta karya wa mutum hannu. Saboda haka mai tayar da mota da handil kada ya zagaya shi da babban yatsa, ya haɗa yatsunsa biyar gefe guda.

Kafin a rufe hula, a shafa giris kamar ƙwayar gero a jikin gwiwa, a ɗiga baƙin mai ɗigo biyu ko uku a ramin da ke ƙarƙashin rota, ɗigo guda a inda kontak ke lilo. Fiye da haka zai fantsama ya ɓata baki. Sabon kontak dunduniyarsa ta kan zauna da sauri, don haka a sake auna shi bayan tafiyar mako biyu. Bakin fulogi kuma milimita 0.75 zuwa 0.80 ne.

Yanzu akwai wata na'ura ta lantarki da a ke sawa a madadin kontak da kwandansa, ba ta da dunduniyar da za ta cinye, ƙura ba ta dame ta ba. Abu ne mai kyau, amma ba ta warkar da ƙarafan da su ka yi tsatsa ko fatar da ta yage. Mai saye ya fara duba batirinsa, domin Land Rover da aka yi kafin 1967 kan batir mai alamar tarawa ne a haɗe da jikin mota, in ba a riga an juya shi ba, galibin na'urorin nan kuwa akasin haka su ke so, haɗin kuskure guda ya ƙone su. In ta mutu a hanya kuma ba ta gyaruwa da magagari ko reza, ga shi zamanin nan ba mai son magariba ta yi masa a daji da lodin hatsi. Wanda ya sa ta, sai ya ƙulle tsohon kontak da kwandansa da sukurorinsu a cikin tsumma, tare da rota guda da sukundireba, ya sa a ƙarƙashin kujera.